Kwafin saƙon da aka aika: ina yake zama, wa ke ajiye shi, yaya ake rarraba shi?

Hadiza: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga matsala daga wani biron ƴan kasuwa a unguwar Zariya ta Maradi. Adireshin imel ɗaya ne na kamfani, mutum uku ke aiki da shi: kwamfuta biyu masu manhajar imel ta Thunderbird, ɗaya mai ta Outlook, sai wayar mai gida. Saƙon shigowa kowa yana ganinsa. Amma faktir ɗin da aka aika wa abokin ciniki a Kano ko takardun kaya da aka tura wa mai fiton kaya a Kwatano, in ba a kwamfutar da ta aika ba, ba a ganinsu. Wasu kuma sau biyu suke fitowa. Ana so kowane saƙon da ya fita ya zauna wuri ɗaya, kuma ya shiga dosiyen mai shi da kansa. Ta ina za a fara?

Malam Issufu: Wa alaikumus salam Malama Hadiza. Kafin a taɓa rarrabawa, a duba abu ɗaya: asusun POP ne ko IMAP? A Thunderbird ki shiga « Paramètres des comptes », ki latsa saitin uwar garke, a sama za ki ga nau'in. In kin ga lambar ƙofa 995 ko 110, POP ne. In 993 ko 143 ne, IMAP ne.

Dalilin tambayar shi ne hanyar fita da hanyar ajiya ba ɗaya ba ne. SMTP, wanda ke aiki a ƙofa 465 ko 587, aikinsa ya karɓi saƙo ya kai. Ba ya ajiye miki komi. Bayan saƙon ya tafi, manhajar ce ke ɗaukar kwafi ta sa a dosiyen « Envoyés ». A POP wannan dosiyen cikin kwamfutar yake, uwar garke ba ta san da shi ba, shi ya sa wayar mai gida ba za ta taɓa ganinsa ba. A IMAP manhajar tana sake hawa intanet ta ɗora kwafin a uwar garke, kowa ya gani. Biro mai na'ura huɗu a adireshi ɗaya bai kamata ya zauna a POP ba.

Hadiza: Na duba, Malam. Duka ukun 993 ne. Amma a gefen hagu akwai « Envoyés », akwai « Éléments envoyés », akwai kuma wani « Sent Messages ».

Laminu: To ga ciwon nan, Hajiya. Saƙonnin ba su ɓace ba, kowace manhaja ta gina nata rumbu ne. Thunderbird shina kiran nashi « Envoyés », Outlook « Éléments envoyés », wayar iPhone kuma ita ka yin « Sent Messages ». Tun 2011 anka fitar da ƙa'idar RFC 6154 wadda ke ba uwar garke damar sa wa dosiye guda tambari cewa wanga shi ne na aikakkun saƙonni, amma ba kowace uwar garke ke sa tambarin ba, musamman wadda anka daɗe ba a sabunta ba.

Shawarata a bi Outlook. Tun daga Outlook 2013 an cire wurin da mutum ke zaɓen dosiyen aikakku da hannunsa a asusun IMAP, shi ke zaɓar wa kansa. Thunderbird da waya kuwa suna yarda a juya su. Don haka a aika saƙon gwaji daga Outlook, a buɗe asusun a shafin intanet na kamfanin da ke riƙe da imel ɗin, a ga wane dosiye ya faɗa. Wannan dosiyen shi za a nuna wa sauran. A Thunderbird: « Paramètres des comptes », sai « Copies et dossiers », a ƙarƙashin « Placer une copie dans » a zaɓi « Autre », a nuna dosiyen. In bai bayyana cikin jerin ba, a latsa dama a kan sunan asusun, a shiga « S'abonner », a sa masa alama tukuna.

Sanusi: Ƙari a kan na Yaya Laminu: in Outlook ya ƙi sa kwafi a uwar garke, kuka ga ya rubuta a gaban sunan dosiyen cewa na wannan kwamfutar ne kawai, galibi uwar garken tana jera dosiyoyinta ƙarƙashin INBOX ne, kamar INBOX.Sent. A saitin asusun akwai gurbin tushen dosiyoyi, a rubuta INBOX a ciki, a rufe Outlook a sake buɗewa. Amma kafin a yi haka a fitar da abin da ke cikin wancan dosiyen zuwa fayil ɗin PST, wato fayil ɗin ajiyar saƙonni na Outlook, domin shi ba ya ko'ina sai cikin kwamfutar, kuma canza tushen yana sa Outlook ya sake gina jerin daga farko.

Malam Issufu: Haɗe tsofaffin saƙonnin ma da tsari ake yi. Kada a zaɓi dubu uku a ja su lokaci ɗaya da rezo mai yankewa. A kwafa kamar ɗari biyu-biyu, kwafa nake cewa ba matsarwa ba, a gwada adadin da ke tsohon dosiye da wanda ya ƙaru a sabon, in sun yi daidai sannan a goge na baya. Kuma kada a goge tsohon dosiyen kansa sai an tabbatar babu na'urar da ke zuba masa. In an goge shi wayar mai gida ba a juya ta ba, gobe za ta sake ƙirƙiro shi.

Rakiya: Maganar fitowa sau biyu fa ba ku taɓa ba. Anti Hadiza, uwar garken kamfanin ta Google ce ko ta Microsoft, ko kuwa ta masu sayar da wurin ajiye shafin intanet?

Hadiza: Ta masu ajiye shafin ce. Amma mai gida yana da Gmail nasa na kansa a Thunderbird ɗin, kuma a can ne ma aka fi ganin biyu-biyun.

Rakiya: Shi ke nan, abu biyu ne daban, kuma saitinsu kishiyar juna ne. Gmail ba kamar sauran ba ne: duk saƙon da ya bi ta smtp.gmail.com, Google da kansa yana ajiye shi a « Messages envoyés ». In Thunderbird ma ya ɗora nasa kwafin, aiki ya zama biyu. Don haka a asusun Gmail a cire alamar « Placer une copie dans ». A asusun kamfanin kuwa a bar ta, don in an cire babu wanda zai ajiye komi. Mutane da yawa suna jin shawarar Gmail ɗin su tafi su cire alamar a duk asusunsu, sai ranar da ake neman hujja a tarar wata uku babu ko saƙo ɗaya.

Kuma a yi lissafin forfe. Takardar da aka maƙala wa imel tana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda yadda ake mayar da ita haruffa kafin ta bi hanya. Takardun duwan da aka yi wa sikan suka kai mega 9, a hanya mega 12 ne. Ana aikawa ta SMTP sau ɗaya, a ɗora kwafi ta IMAP sau ɗaya, mega 24 ke nan. Irin wannan goma a yini mega 240 ne maimakon 120. A asusun kamfanin wannan ninkin dole ne, sai dai a rage nauyin sikan ɗin: baƙi da fari a 150 ko 200 dpi ya ishi faktir. A Gmail kuwa asara ce kawai.

Laminu: Gaskiya ne ƙanwata. Akwai kuma biyu-biyun da hannun mutum ke yi. Saƙo ya tahi lafiya, rezo ya yanke daidai lokacin ɗora kwafi, Thunderbird ya fito da gargaɗi cewa an aika amma ba a samu sa kwafi ba. Wanda bai karanta gargaɗin da kyau ba sai ya sake aikawa, abokin ciniki ya samu faktir biyu. Gargaɗin shina ba da zaɓi: a sake gwada ajiyar, ko a ajiye a « Dossiers locaux ». In rezo ya ƙi, a zaɓi na biyun, daga baya a ja saƙon zuwa dosiyen uwar garke. Inda rezon ke da nauyi kullum, a shiga editan saituna na ciki a nemi mailnews.tcptimeout. Daƙiƙa 100 ne asalinsa, a ɗaga shi zuwa 300 don babban saƙo ya samu lokacin hawa.

Hadiza: Na gode. To yanzu rarrabawar.

Malam Issufu: Hanya mafi sauƙi tana nan cikin « Copies et dossiers » ɗin, ƙasa kaɗan: akwatin da ke cewa a sa amsa cikin dosiyen saƙon da ake amsawa. In kuna da dosiye mai suna Kwatano, wasiƙar mai fiton kaya tana ciki, kika amsa daga can, amsar za ta zauna kusa da wasiƙarsa. Outlook ma yana da irinsa a « Fichier », « Options », « Courrier », wajen adana saƙonni, sai dai nasa ba ya aiki in saƙon da ake amsawa yana akwatin shigowa. Iyakar wannan hanyar ita ce amsa kawai take kamawa. Sabon saƙon da kika fara da kanki « Envoyés » zai tafi.

Don sabon saƙo sai filta, wato rariya. Tun Thunderbird 38, na shekarar 2015, ana iya sa rariya ta yi aiki bayan aikawa. « Outils », « Filtres de messages », a sama ki tabbatar asusun kamfanin aka zaɓa, ki yi sabuwa. Ki cire alamar karɓar saƙo, ki sa a « Après l'envoi », ki bar ta gudanarwa da hannu ma, za ta yi amfani gaba. Sharaɗi: mai karɓa ko wanda aka sa a kwafi ya ƙunshi adireshin mutumin. In kamfani ne mai ma'aikata da yawa, ki rubuta abin da ke bayan @ kawai. Aiki: a matsar ko a kwafa zuwa dosiye kaza.

Sanusi: Malam, da izininka, ni ban goyi bayan rariya da adireshi ba a irin kasuwancin Maradi. Dillalin aya ko riɗi yau ya rubuto da Gmail, gobe da Yahoo, jibi yaronsa ne ya rubuto. Kuma ba za a iya kama su da abin da ke bayan @ ba, don gmail.com zai kwashe rabin duniya. Mutum ɗaya kuma ana aika masa faktir, ana aika masa gaisuwar salla. Abin da ya fi riƙo shi ne lamba a kan batun saƙo. Biro ya yarda da gajerun alamomi uku ko huɗu: FAK- na faktir, KWT- na kayan Kwatano, DIS- na takardun iyakar Ɗan Isa. Sharaɗin ya zama batu « contient » FAK-. A zaɓi « contient », kada a zaɓi wanda ke cewa ya fara da, domin amsa tana zuwa da Re: a gaba. Kuma kada a bar alamar ba ɗan layin nan na ƙarshe. DIS kawai za ta kama duk batun da aka rubuta « marchandise » a ciki, don rariyar ba ta bambanta manyan haruffa da ƙanana.

Malam Issufu: Na yarda da rabi, Sanusi. Alamar batu tana dogara da mutum ya tuna, kuma ranar da aiki ya yi yawa ake mantawa. Adireshi ba ya bukatar kowa ya tuna komi. Banki, mai fiton kaya, kamfanin inshora, waɗannan adireshinsu ba ya canzawa, a kama su da adireshi. Dillalai a kama su da alama. A sa rariyar alama a sama, domin daga sama zuwa ƙasa ake bi, a ƙara mata aikin tsayar da sauran rariyoyi, don kada saƙo ɗaya ya shiga dosiye biyu.

Rakiya: Akwai tarko a nan da ya shafi abin da na faɗa ɗazu. Rariyar bayan aikawa kwafin da Thunderbird ya ajiye take tacewa. In an cire alamar ajiye kwafi, kamar yadda muka ce a yi wa Gmail, rariyar ba ta da abin kamawa, shiru za ta yi ba gargaɗi. Mafita biyu ce. Ko a bar alamar amma a nuna « Dossiers locaux », ta haka kwafin yana cikin kwamfuta, ba a kashe forfe ba, sai dai a lura rariyar ma a ƙarƙashin « Dossiers locaux » za a ƙirƙire ta, don dokokin asusun da kwafin ya sauka ake bi. Ko kuma a bar Thunderbird, a shiga Gmail a intanet, saituna, « Filtres et adresses bloquées », a ce saƙon da ya fito daga adireshina zuwa wane a sa masa lakabi kaza. Ni na biyun na fi so, saboda lakabin Gmail ba kwafi ba ne. Saƙo ɗaya ne ke ɗauke da suna biyu, bai ƙara cin komi cikin giga 15 ɗin kyauta ba, kuma a Thunderbird lakabin yana fitowa kamar dosiye.

Laminu: Ni tambayata ta fi wanga: don mi za a matsar da saƙo daga « Envoyés » tun farko? Dosiyen nan shi ne littafin fita na biro, jere da kwanan wata da awa. Ranar da abokin ciniki ya ce ba a aiko mishi da farashi ba ran 12 ga wata, wuri guda ake dubawa. In an watsa shi dosiye ashirin, wanda rariya ta kai inda bai dace ba sai an sha wuya. Thunderbird shina da bincike da ake ajiyewa ya zama kamar dosiye: a yi bincike cikin akwatin shigowa da « Envoyés » tare, sharaɗi batu ya ƙunshi KWT-, a ajiye shi da suna. Ba a motsa komi ba, ba a ninka komi ba, ga zance gaba da baya a jere.

Malam Issufu: Wannan dosiyen binciken a kwamfutar da aka yi shi kawai yake, Laminu. Mai gida yana hanyar Yamai da waya a hannu, ba zai gan shi ba. Dosiye na gaske a uwar garke kowa yana gani.

Laminu: Haka ne. To a kwafa, kada a matsar.

Sanusi: Kwafa tana cin wuri ninki biyu, kuma asusun masu ajiye shafi yawanci ƙaramin wuri ake ba shi. Anti Hadiza ta duba nawa aka ba su kafin a yanke. In wurin ya cika, abu biyu ke tsayawa tare: kwafin fita ba ya ajiyuwa, saƙon shigowa kuma yana komawa ga masu shi. Ni a ganina a kwafa abin da ke da nauyin kuɗi kawai, faktir da takardun kaya, saura a bar su inda suke. Dama Outlook bai ba da wani zaɓi ba. A « Gérer les règles et les alertes », dokar da ake yi wa saƙonnin da nake aikawa kwafi kawai take iya kaiwa wani dosiye, asalin yana nan a « Éléments envoyés ». Tunda ɗaya cikin ukun ba ya iya matsarwa, gara duka su bi tsari ɗaya. Wannan a Outlook na asali ne wanda ke zuwa da Office. Dokokin Outlook na shafin intanet saƙon shigowa suke tacewa.

Hadiza: Giga 5 ne, an ci 3 da ɗan wani abu. To rariyar da aka yi a kwamfuta ɗaya za ta yi wa ɗayar aiki?

Rakiya: A'a Anti. Dokokin suna cikin wani fayil mai suna msgFilterRules.dat. A Windows ki rubuta %APPDATA%\Thunderbird\Profiles a gurbin adireshin mai binciken fayiloli, ki shiga dosiyen furofil, sai ImapMail, sai dosiyen da ke ɗauke da sunan uwar garken. A rufe Thunderbird a kwamfutoci biyun, a ɗauki fayil ɗin a kile, a sa shi a wuri ɗaya a ta biyun. Tunda asusu ɗaya ne da dosiyoyi ɗaya, zai yi aiki, amma a buɗe kowace rariya a ga dosiyen da take kaiwa yana nan. Abin da mai gida ya aika daga waya kuwa babu rariyar da za ta taɓa shi. A nan ne alamar gudanarwa da hannu da Malam ya ce a bari take amfani: a tagar rariyoyin, a ƙasa, a zaɓi dosiyen aikakku a latsa gudanarwa. Sai dai da rariya mai kwafa, gudanar da ita a kan dosiyen gaba ɗaya zai sake kwafe waɗanda aka riga aka kwafa. A zaɓi saƙonnin wayar kawai, a shiga « Outils » a ce a yi amfani da rariya a kan waɗanda aka zaɓa.

Malam Issufu: Da giga 3 cikin 5, maganar kwashe tsofaffi ta zo. A « Copies et dossiers » ɗin dai akwai sashen taskancewa. A nuna masa « Dossiers locaux », a zaɓi rabawa shekara-shekara, a sa alamar riƙe tsarin dosiyoyi. Sai a zaɓi saƙonnin da suka haura shekara biyu a latsa harafin A. Za su bar uwar garke su sauka a kwamfutar. Daga wannan lokacin kwamfutar nan ce kaɗai ke riƙe da su, don haka mutum ɗaya ne zai riƙa yi, a na'ura ɗaya, kuma dosiyen furofil ɗin a kwafe shi a faifan waje duk mako, Thunderbird a rufe.

Wani wuri kuma da nake roƙo kada a taɓa: a « Synchronisation et espace disque » akwai zaɓin goge saƙon da ya wuce kwana kaza. Mutane suna zaton kwamfuta kawai yake sharewa. Har na uwar garke yake gogewa.

Laminu: Kan faifan waje, a duba tsarinsa. Thunderbird shina zuba duk saƙonnin dosiye cikin fayil guda marar wutsiya, kamar Sent, da ƙaraminsa Sent.msf wanda jerin suna ne kawai. Kile mai FAT32 ba ta ɗaukar fayil da ya kai giga 4, sai a mayar da ita exFAT ko NTFS. Raba taska shekara-shekara ma shina hana fayil guda kumbura haka. Kuma saƙon da anka matsar ko anka goge bai fita daga fayil ɗin ba sai an yi « Compacter ». Shi matsewar nan sake rubuta fayil ɗin take yi gaba ɗaya, don haka kada a fara ta a kwamfutar tebur da ba ta da ondilar, lokacin zafi da kuran ke yawan ɗaukewa. In dosiye ya nuna ba komi ko ya nuna saƙo da jikin wani, kada a goge shi. A latsa dama, a shiga bayanansa, a latsa « Réparer le dossier », zai sake gina .msf ɗin daga ainihin fayil.

Hadiza: An juya kwamfutoci biyun zuwa dosiyen Outlook, gwaji uku duk sun faɗa wuri ɗaya. Na wayar ne ya saura, har yanzu « Sent Messages » yake zuwa.

Sanusi: A iPhone ki shiga saitunan Mail, asusun kamfanin, saitin ci gaba, za ki ga inda ake zaɓen akwatin aikakkun saƙonni. Jerin kashi biyu ne, na cikin waya da na uwar garke. Ki zaɓi dosiyen daga na uwar garke. Ki aika gwaji ɗaya daga wayar, in ya bayyana a Thunderbird sannan a kwashe abin da ke « Sent Messages » a goge shi.